Tambayoyinku: Furotin 13 da Mitokondiriya Ke Ƙerawa da Kanta

Wasiƙun wannan wata daga mutane daban-daban suka fito, daga ajin jami'a har zuwa gonar dawa, amma duk sun haɗu a wuri ɗaya: mitokondiriya, 'yan jakunkunan nan da ke cikin sel, wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita, waɗanda ke mayar da abinci ƙarfi. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda fili.

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta bayokemistiri. An koya mana cewa mitokondiriya tana da DNA nata da ribosom nata. To in haka ne, me take nema a wurin cibiyar sel? Kuma yaya take haɗa furotin ɗin, daki-daki? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Fara da lissafi, shi zai warware miki rabin tambayar. Mitokondiriyar ɗan Adam tana aiki da furotin iri fiye da 1,000, amma 13 kacal take ƙerawa da kanta. Sauran duk umarninsu yana cibiya, wato ɗakin da ke ajiye yawancin DNA na sel. A waje ake haɗa su, a shigo da su ta ƙofar TOM a tantanin waje da ƙofar TIM a tantanin ciki.

DNA ɗinta zobe ne mai haruffa 16,569, wanda ayarin Fred Sanger suka karanta kaf a Kambirij a 1981. Ƙwayoyin gado 37 ne a ciki: 13 na furotin, 22 na RNA 'yan dako masu kawo amino asid, 2 na RNA ɗin da ake gina ribosom da shi, injin da ke haɗa furotin. Wato 24 daga cikin 37 kayan aiki ne kawai na ƙera waɗancan 13 ɗin.

Su 13 ɗin a tantanin ciki suke zama, cikin tashoshi biyar da ke karɓar elektiron daga abinci su miƙa wa oksijin, su haɗa ATP, sinadarin da sel ke ajiye ƙarfi a ciki, da ƙarfin da ya fito. Tasha ta ɗaya tana da sassa 45, bakwai ne na gida: ND1 zuwa ND6, da ND4L. Ta biyu ba ta da ko ɗaya, duk kayanta na cibiya ne. Ta uku tana da saitokurom b. Ta huɗu tana da COX1, COX2 da COX3. Ta biyar, mai haɗa ATP, tana da ATP6 da ATP8. Ba su da yawa, amma su ne ginshiƙan ɗakin. A cikin COX1 oksijin ke zama ruwa, kuma nan ne gubar sayanaid ta rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba take toshewa.

Aikin kuwa ga yadda yake tafiya. Inzayim mai suna POLRMT, da mataimakansa TFAM da TFB2M, yana kwafe kowace igiya daga igiyoyi biyu na zoben kusan gaba ɗayanta a dogon zaren RNA. Igiya ɗaya ta DNA ɗin tana ba da furotin 12, ɗayar kuma ND6 kaɗai. 'Yan dakon suna warwatse a tsakanin sauran ƙwayoyin gadon kamar waƙafi a rubutu, don haka da almakashi biyu, RNase P da ELAC2, sun yanke kowane ɗan dako ta gaba da ta baya, sai saƙonnin da ke tsakani, wato RNA masu ɗauke da umarnin furotin, su faɗo da kansu. Saƙo 11 ake samu, domin ATP8 da ATP6 suna kan takarda ɗaya, haka ma ND4L da ND4. Daga nan sai a ɗaura wa yawancinsu wutsiyar harafin A kamar 50. A saƙo bakwai rubutun DNA ya tsaya ne a U ko UA, wutsiyar ce ke cika shi ya zama UAA, wato ayar da ke rufe saƙo. Tsimi ya kai tsimi.

Ribosom ɗin ana kiransa 55S, rabi biyu ne, ƙarami 28S da babba 39S. RNA ɗinsa na gida ne, amma furotin kusan 82 da ke jikinsa duk daga cibiya suke, haka ma POLRMT da almakasan da duk sauran ma'aikatan. Amsar tambayarki ta farko ke nan: ko tsinke ba za ta iya ɗagawa ba sai da cibiya. Da ɗakunan binciken Venki Ramakrishnan a Kambirij da Nenad Ban a Zurik suka fito da siffar ribosom ɗin a 2014 da 2015, sai aka ga abin mamaki: a gurbin da bakteriya ke sa ƙaramin RNA mai suna 5S, namu ya ɗauki ɗan dakon balin ya gina shi cikin bango kamar tubali.

Kowane furotin da metiyonin yake farawa, wanda aka liƙa wa ɗan guntun fomil da aka samo daga folet, kamar yadda bakteriya ke yi. Ma'aikata biyu, mtIF2 da mtIF3, su ke zaunar da saƙon. Sai mtEFTu ya riƙa kawo 'yan dako ɗaya bayan ɗaya, mtEFG1 yana tura ribosom gaba harafi uku-uku, wato kalma-kalma. Da an kai aya, mtRF1a ya saki furotin, mtRRF da mtEFG2 su raba ribosom biyu don ya kama sabon saƙo. Duk wannan ana yin sa ne ribosom yana manne da tantanin ciki, bakinsa a kan wata ƙofa mai suna OXA1L. Dalili: furotin ɗin nan ba sa shiri da ruwa, kamar mai suke. COX1, mai amino asid 513, sau 12 yake ratsa tantanin. Da za a sake shi cikin ruwa da ya dunƙule ya lalace, shi ya sa ake cusa shi cikin tantani tun yana fitowa.

Kamannin da bakteriya gado ne. Mitokondiriya jikar wata bakteriya ce da ta shiga cikin wani sel fiye da shekara biliyan 1.5 da suka wuce, ra'ayin da Lynn Margulis ta tsaya a kai a 1967. Yawancin ƙwayoyin gadonta sun ƙaura zuwa cibiya. Waɗanda suka rage, wasu masana sun ce ƙin ruwansu ne ya sa shigo da su daga waje zai yi wuya, wasu kuma sun ce kowace mitokondiriya tana bukatar ikon gyara tashoshinta nan take ba tare da jiran cibiya ba. A ganinmu bayanan biyu ba sa karo da juna.

A littafin da muke koyarwa an ce ƙa'idar karanta gado ɗaya ce ga dukan halittu. Wani ɗalibina ya ce UGA ba aya ba ce a mitokondiriya. Wa ke da gaskiya? Daga wani malamin bayoloji, Katsina.

Ɗalibinka ne, Malam, sai ka yi masa tukwici. Tun 1979 Bart Barrell da abokan aikinsa suka nuna haka a Kambirij. A mitokondiriyar mutum da sauran masu ƙashin baya, UGA tiriftofan ce. AUA, wadda take aisolusin a waje, metiyonin ce a ciki. AGA da AGG, da suke arjinin a waje, ba su da ɗan dako ko ɗaya a ciki, kuma su ne a ƙarshen saƙon COX1 da na ND6. Farawa ma ba lallai da AUG ba: ND1, ND3 da ND5 da AUA suke farawa, ND2 da AUU.

Kalmomi masu ma'ana 60 ne, 'yan dako 22, kuma sun isa. Amino asid 20 kowanne yana da ɗan dakonsa, lusin da serin suna da bibbiyu. Inda kalmomi huɗu suke nufin amino asid ɗaya, harafin ƙarshe ne kawai ya bambanta su, sai ɗan dako guda mai harafin U a wurin ya karanta dukansu. Inda kuwa dole a bambance, ana yi wa wannan U ɗin kwaskwarima. A ɗan dakon laisin da ɗaya daga cikin na lusin, sinadarin taurin ake liƙa masa. Za ka ga amfanin wannan a wasiƙar magidancin Gusau.

Abin yana da amfani a aikace. Wanda ya karanta jerin COX1 na kifi ko tsuntsu don tantance nau'insa, in ya sa kwamfuta ta fassara da tebur na 1, wato na ƙa'idar gama-gari, zai ga ayoyi birjik a tsakiyar furotin ya ɗauka aikinsa ya ɓaci. Tebur na 2 zai zaɓa, na mitokondiriyar masu ƙashin baya. In ya zaɓa kuma ayoyin ba su tafi ba, to wataƙila ya kama wani tsohon kwafi ne da ya ɓuya a cikin DNA na cibiya. Tsirrai kuwa ƙa'idar gama-gari suke bi a mitokondiriyarsu. A aji ka ce musu "kusan ɗaya ce", ka kawo wannan misali.

An yi wa wani yaro ɗan shekara 3 allurar jentamaisin kwana 5 bisa ƙa'ida, ƙodarsa lafiya lau, amma bayan 'yan makonni ya daina ji. Mahaifiyarsa ta ce ƙaninta ma haka ya kurmance bayan allurar tibi. Akwai alaƙa? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Maraɗi.

Allah ya ba yaron lafiya, Malama, kuma kin yi dabara da kika saurari uwar. Da farko a duba ciwon da ya kawo shi, domin sanƙarau, ƙyanda da hangum kowannensu yana kurmantarwa shi kaɗai. Amma labarin kawun nan yana nuni ga wani abu sananne.

Jentamaisin, amikasin, kanamaisin da streptomaisin dangi ɗaya ne. Suna kama ƙaramin rabin ribosom na bakteriya a daidai inda ake tantance kalma, sai ya riƙa karatu da kuskure. A yawancin mutane wannan gurbi a ribosom ɗin mitokondiriya ya ɗan saɓa da na bakteriya, maganin ba ya zama daram. Amma akwai masu sauyin harafi ɗaya a wuri na 1555 na zoben, A ta koma G, cikin RNA ɗin 12S, wanda ake gina ƙaramin rabin ribosom da shi. G ɗin sai ta haɗu da C ta wuri na 1494, gurbin ya koma siffar na bakteriya sak. A 1993 aka gano wannan, kuma a binciken da aka yi a Ingila kusan mutum 1 cikin 500 yana ɗauke da shi. Maganin yana taruwa a sel masu gashi na cikin katantanwar kunne, ya daɗe a can, ƙera furotin 13 ɗin ya lalace, sel ɗin su mutu. Ba sa sake tsirowa. Ga irin waɗannan mutane, adadin da yake daidai ga kowa, wani lokaci ma allura ɗaya, ya isa ya kurmantar, kuma kurmancin yakan bayyana bayan an gama maganin.

Wajen tambayar tarihi, dangin uwa za ki bi: uwa, kakar wajen uwa, kawu, inna, 'ya'yan inna, da 'yan ɗakinsu yaron. Baffa da gwaggo ba sa cikin wannan lissafi, 'ya'yan kawu ma ba sa ciki, domin namiji ba ya gadar da mitokondiriya. In an sami kurmanci bayan allura a wannan layi, ki gaya wa likita kafin a ɗura maganin, a nemi wani kamar sefotaksim in ciwon ya ba da dama, a kuma rubuta a katin yaron da na ƙannensa. A Ingila wasu asibitocin jarirai sun fara amfani da na'urar da ke gano sauyin daga gogen cikin kunci a ƙasa da rabin sa'a.

Wannan bai zama dalilin gudun jentamaisin ba. Jariri mai cutar jini da ba a san irin wannan tarihi a danginsa ba, jinkirin maganin ya fi haɗari. A dai kiyaye awo: sau ɗaya a rana, bisa nauyi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 5 a kowane kilo a makon farko na haihuwa, 3 ga wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, 7.5 bayan makon farko. A guji haɗa shi da furosemaid in da hali, kar kuma a ja kwanaki ba dalili. Allurar jentamaisin da ake yi a kemis don zazzaɓi ko mura ganganci ne tsantsa.

Masu tibi mai bijire wa magani da ke shan linezolid suna kukan ƙafa na yi musu zafi da ƙaiƙayi kamar tafiyar kiyashi, wasu jininsu na sauka. Na tuna kuloramfenikol ma yana taɓa jini. Hanyarsu ɗaya ce? Daga wani mai harhaɗa magunguna, Kano.

Ɗaya ce, Malam. Dukansu babban rabin ribosom suke kamawa, a daidai inda ake ɗinke amino asid da ɗan'uwansa. Wannan wuri kusan bai sauya ba tsakanin bakteriya da mitokondiriya, don haka ba sai mutum yana da wani sauyin gado ba, kowa yana iya taɓuwa in adadi ya yi yawa ko kwanaki sun yi tsawo.

Ɓargo ne ke fara nunawa, domin sel ɗinsa suna rabuwa da sauri, kowane rabuwa kuma yana bukatar sababbin tashoshi. Daga mako na biyu zuwa wata biyu ake ganin jan jini da ƙwayoyin daskarar da jini suna sauka. Jijiyoyi sun fi daɗewa, sai bayan wata biyu ko uku ƙafa ke fara mutuwa ko gani ya dushe. In tashoshin suka yi rauni sosai, sel ya koma ƙona sukari ba da oksijin ba, ATP 2 kacal yake samu daga kowane gulukos maimakon kusan 30, laktik asid ya taru a jini. Alamarsa amai, kasala da numfashi sama-sama, kuma na gaggawa ne.

Adadi shi ne magana. A gwajin farko na haɗin bedakwilin, piretomanid da linezolid, da miligiram 1,200 a rana, kashi 81 cikin 100 sun sami matsalar jijiya. Da aka sauko zuwa 600 na mako 26, kashi 24 ne, maganin kuma bai rasa ƙarfinsa ba. A kan 600 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a tsarin wata shida da ta amince da shi a 2022. Abin yi: gwajin jini kafin farawa, a maimaita bayan mako biyu-biyu da farko, sannan wata-wata; gwajin gani da na bambance launi kowane wata; a tambayi ƙafa a kowace ziyara, kar a jira mara lafiya ya faɗa. Ɓargo yakan farfaɗo cikin mako ɗaya ko biyu da tsayar da maganin, jijiyar ƙafa kuwa tana iya ƙin komawa. Ragewa zuwa 300 ko tsayarwa hukuncin likitan tibi ne, kar mara lafiya ya yanke da kansa.

Kuloramfenikol, wanda aka daɗe ana ba masu taifot da sanƙarau, illa biyu gare shi a ɓargo, kar a gwama su. Ta farko ita ce wannan, mai bin adadi, mai warkewa. Ta biyu mutuwar ɓargo ce gaba ɗaya, ga kamar mutum 1 cikin 25,000 zuwa 40,000, ba ruwanta da adadi, tana iya zuwa makonni ko watanni bayan an daina sha. Jarirai kuma hantarsu ba ta iya fitar da shi, sai ya taru, jiki ya yi toka-toka, zuciya ta gaza.

Mahaifiyata da ƙanwarta da ƙanwata duk sun kamu da ciwon sukari kafin shekara 40, ba su da ƙiba, kuma kunnensu ya yi nauyi. Ni ma an gano min. 'Ya'yana za su gada? Ina kuma shirin haɗa ɗana da 'yar ƙanwar tawa. Daga wani magidanci, Gusau.

Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Ba a gano ciwo ta wasiƙa, kuma yawancin ciwon sukari ba wannan ba ne. Amma sukari da nauyin kunne a jiki marar ƙiba, suna bin ɗaki ɗaya ta wajen mata, ya cancanci a gwada sauyin harafi na wuri na 3243, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1990. Yana cikin ɗan dakon lusin. Sauyin yana hana a liƙa masa taurin ɗin nan, sai ya kasa karanta kalmar UUG da kyau, furotin masu yawan wannan kalma kamar ND6 su yi ƙaranci, tasha ta ɗaya ta raunana. Sel masu fitar da insulin da ATP suke gane cewa sukari ya hau. In ATP ya yi ƙasa, insulin ba ya fita.

Kowane sel yana da kwafin zoben ɗaruruwa zuwa dubbai, masu kyau da masu sauyi a gauraye. Sai masu sauyin sun rinjaya, galibi kashi 60 zuwa 90 cikin 100 gwargwadon gaɓa, ciwo ke bayyana. Rabon da kowane ƙwan mace ke samu kuma kamar ɗibar hatsi ne daga buhun da aka gauraya, wannan ya ɗebo da yawa, wancan kaɗan. Shi ya sa a ɗaki ɗaya wani lafiyarsa ƙalau, wani sukari kawai, wani kuma farfaɗiya da abin da ya yi kama da shanyewar ɓarin jiki tun yana matashi. Ga babba, fitsarin safe ya fi jini kyau wajen gwaji, domin sauyin yana raguwa a jini da shekaru. In an tabbatar, likita zai sake duba metfomin saboda laktik asid, ya yi taka-tsantsan da balfurowet na farfaɗiya da alluran dangin jentamaisin, ya kuma duba zuciya da ƙoda.

Mu da uba muke lissafin asali, mitokondiriya kuwa da uwa take yi. Ƙwan mace yana da kwafin zoben fiye da 100,000, ɗan abin da maniyyi ya zo da shi kuma rusa shi ake yi. Don haka in wannan ne, 'ya'yanka ba su gada daga gare ka ba. 'Yar ƙanwarka ce ke iya ɗauke da shi, kuma 'ya'yanta za su iya gada ko wa ta aura, bare ko ɗan'uwa. Zumunci bai ƙara komai a nan ba. Inda auren zumunta ke da tasiri shi ne ɗaya ɓangaren, na ƙwayoyin gadon cibiya masu gina ribosom da sauran ma'aikatan. In miji da mata suna ɗauke da lahani iri ɗaya a ɓoye, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4, kuma yawancin cututtukan mitokondiriya na ƙananan yara ta nan suke zuwa. A fara gwada ƙanwarka, a ga likita tare, kafin magana ta fita ta ɓata wa yarinya suna a kan zato.

Ina digiri na biyu. Yaya zan auna ko wani sinadari yana hana mitokondiriya ƙera furotin a sel masu rai? Daga wani ɗalibi, Maiduguri.

Dabarar ita ce ka rufe bakin ribosom na waje, ka saurari na ciki. Ka shuka sel su rufe kamar kashi 80 cikin 100 na faranti. Ka wanke su, ka sa su a ruwan reno marar metiyonin da sistin na minti 20 zuwa 30. Ka zuba emetin, mai tsayar da ribosom na waje, maikurogiram 100 a kowace mililita, ka jira minti 5 zuwa 10. Sai ka sa metiyonin mai alamar salfa 35, kamar maikurokuri 200 a mililita, na sa'a ɗaya. Ka kwashe, ka auna furotin, ka loda daidai wa daida, kamar maikurogiram 50, a jel mai kauri daga kashi 12 zuwa 20, ka busar, ka ɗauki hoto. Layukan furotin 13 ɗin za su fito, ND5 mai amino asid 603 a sama, ATP8 mai 68 a can ƙasa, wasu suna hawa kan juna. Faranti ɗaya ka ƙara masa kuloramfenikol: in layukan ba su ɓace a nan ba, ba mitokondiriya kake gani ba.

Inda ake faɗuwa: kar ka tafasa samfur kamar yadda aka saba, furotin ɗin nan dunƙulewa suke yi su maƙale a bakin jel. Ka cire streptomaisin, jentamaisin da doksisaikilin daga ruwan reno kwanaki kafin gwaji. Ka gwada maikofilasma, ƙaramar bakteriyar da ke gurɓata ruwan reno, domin emetin ba ya taɓa ribosom ɗinta, za ta cika maka jel da layukan ƙarya. In kana so ka bi furotin ɗin bayan ƙira, emetin ba ya wankuwa, ka yi amfani da anisomaisin.

Salfa 35 yana bukatar lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya, kuma rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin kwana 87. Madadinsa HPG ne, ɗan'uwan metiyonin marar haɗari, wanda sel mai rai ke sakawa cikin sabon furotin. Daga baya ka daskarar da sel ɗin, ka liƙa masa rini mai haske, ka gani a madubin ƙara girma. In shi ma babu, ka kwatanta yawan COX1 da na SDHA bayan kwana 3 zuwa 5 da sa sinadarin. SDHA na tasha ta biyu ne, wadda duk kayanta na cibiya ne, don haka in COX1 ya sauka SDHA bai motsa ba, ka kama bakin zaren. Mafi arha kuma: ka musanya gulukos da galaktos a ruwan reno. Sel da tashoshinsu suka lalace suna rayuwa a gulukos, a galaktos kuwa mutuwa suke yi.

An ce da mitokondiriya ake samar da irin dawa na haɗi. Ta yaya? Kuma me ya sa ake hana manomi ajiye irin? Daga wani malamin gona, Funtuwa.

Gaskiya ne, Malam. Furen dawa namiji da mace a haɗe suke a zangarniya ɗaya, ba wanda zai iya bi yana cire na mijin a gona guda. Mafita ta fito a Amurka a 1954, lokacin da Stephens da Holland suka nuna cewa in aka haɗa mitokondiriyar dawa nau'in milo da cibiyar nau'in kafir, tsiron ba ya yin bununi mai rai, amma ɓangarensa na mace lafiya lau. A tsirrai da dama an gano musabbabin irin wannan: DNA ɗin mitokondiriya ya kakkarye ya sake haɗuwa, ya haifar da baƙon furotin da ke rage ƙarfi a daidai lokacin da bununi ke tsananin bukatarsa.

Layi uku ake riƙewa. Layin A shi ne uwa marar bununi. Layin B tagwayensa ne mai lafiyayyar mitokondiriya, da shi ake barbarar A don kar ya ƙare. Tunda mitokondiriya ta uwa ce, 'ya'yan duk A suke fitowa. Layin R yana da ƙwayar gado a cibiya mai yanke saƙon baƙon furotin ko hana a karanta shi. A da R su ke ba da irin da ake sayarwa, mai bununi, mai yabanya. A gonar iri akan shuka kunya 4 ta A da 2 ta R, nesa da kowace gonar dawa, a kuma daidaita shuka don su yi fure tare. In R ya riga ko ya makara, zangarniyar A takan zauna ba barbara, wata cutar fumfuna ta shige ta, ka ga ruwa mai zaƙi kamar zuma yana ɗiga maimakon ƙwaya.

Manomin da ya ajiye iri daga amfanin haɗin, baɗi halayen A da R za su rarrabu: tsawo ya bambanta, nuna ta bambanta, wani kaso ya koma marar bununi, amfani ya ragu.

Akwai kuma haɗarin dogaro da uwa ɗaya. A 1970 kusan kashi 85 cikin 100 na masarar haɗi a Amurka mitokondiriya iri ɗaya gare ta, mai ƙera wani ƙaramin furotin da ake kira URF13. Shi ke hana bununi, shi ne kuma gubar wata cutar ganye ke kamawa ta huda tantanin ciki. A damina ɗaya cutar ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar, kamfanonin iri suka koma cire furen saman masara da hannu. Yawancin dawar haɗi har yau a kan mitokondiriyar milo take, wadda ake kira A1, shi ya sa masu kyautata iri suke ajiye wasu irinsu A2 da A3 a gefe.